Tsohon da Ya Ɗaure Bindiga a Turmi

Na Allah ne mu, kuma wurinsa za mu koma, da mai gaggawa irina da mai nawa. Kakana na wajen uwa ya riga mu. Ya cika da hantsi a ɗakinsa na Abakpa, bayan ya sha shayi ya ce sukari ya yi kaɗan.

Abin da na ji a zaman makoki ne ya sa na ɗauki biro. Ina cikin gida tare da mata na jiyo liman daga zaure yana cewa marigayi mutum ne mai haƙuri, bai taɓa sa-in-sa da kowa ba. Na dubi kakata, wadda muke kira Iya. Ita ma ta dube ni, ta ja mayafi ta rufe baki, kafaɗunta na rawa. Mata suka yi ta ba ta haƙuri, suna cewa ta daina kuka. Ni kaɗai na san ba kuka take ba.

Tsofaffin sojoji abokansa sun zo, kowa da sandarsa, kowa kuma yana wurin ranar da marigayi ya harbi kada a bakin kogi. A bakin na farko kadan ya kai tsawon tabarma. Kafin na ƙarshe ya gama, sai an nemo babbar mota za a iya ɗaukarsa. Ta'aziyyar gaskiya ɗaya na ji, daga bakin shugaban manoman bayan Mando, waɗanda suka zo da doya da masara. Ya durƙusa a ƙofar ɗakin Iya ya ce, "Mama, mu mun yi rashi, birai sun yi sa'a."

To, ni ba zan zauna a binne shi sau biyu ba, sau ɗaya a ƙasa, sau ɗaya a cikin yabon da ba nasa ba. Kakana ba shi da haƙuri da mutane. Wurinsa na gado halina, shi ya sa nake da bakin faɗa. In ka zo gaishe shi ka fara jero gajiya da gida da iyali da sanyi, zai katse ka. "Lafiya? Lafiya. To, me ya kawo ka?" Ya taɓa tashi ya bar wurin ɗaurin aure saboda maroƙi ya ja asalin ango da nisa. Duk haƙurin da Allah ya ba shi wuri guda ya zuba shi, a kan bindigarsa.

Ina kiransa Tsoho, yana kirana Amarya, irin wasan kaka da jika. Tsohon soja ne. Da ya bar soja ya yi gadi a wurin ma'aikatan jirgin ƙasa, yana kuma raka wani Bature farauta. Da Baturen zai koma ƙasarsu sai ya bar masa bindigar, aka yi mata lasin da sunansa. Ba irin ta toka ba ce, doguwa ce mai cin harsashi ɗaya-ɗaya. Baturen ya yi masa gargaɗi guda: goge ta yadda kake so, amma kada ka raba ƙarfen da itacen. Tsoho ya riƙe wannan kamar farilla. Kowace Juma'a bayan masallaci yakan shimfiɗa buzu, ya zura tsumma a bakinta da igiya, ya shafa mata ɗan man keken ɗinki, ya mayar. Bai taɓa sa mata sukundireba ba.

Da ita yake korar wa manoman Mando gwaggon biri da mugun dawa, ba ya karɓar komai sai gaisuwa, ita ma gajeriya. In ya samo gada, cinya ɗaya ta wata tsohuwa ce a layinmu wadda ba ta da kowa, kuma ba ya aikawa, da kansa yake kai mata, ya ajiye ya juyo kafin ta fara godiya. Yana da wata magana da duk unguwa ta haddace: "Ranar da na auna na kuskure, ku karɓe ta, kada ku ji tausayina." Yana faɗarta ne da alfahari. Bai san za a ajiye masa ita ba.

Shekarar da aka koma tuƙi a hannun dama ya je Makka. Kun san yadda muke yi wa mahajjaci: kafin ya dawo a gyara masa ɗaki, a yi shafe, a sa sabon labule, a wanke duk abin da ke wankuwa. Kawuna, ɗansa na fari, makanike ne a Kurmin Mashi, mutum mai son ya ga ƙarfe na ƙyalli. Ya gama da gado da fitila da keke, ya ɗaga kai ya ga bindiga rataye, ta yi baƙi. Ina Zariya wurin gwaggona lokacin. Da ina nan da na hana, ba don na san bindiga ba, don na san Tsoho.

Kawu ya kwance ta kaf, kamar injin mota. Ya wanke komai da kananzir, ya goge itacen ya shafa masa mai sa ƙyalli, ya ɗura mata man inji har ta ƙoshi, ya mayar ya ɗaure. Ranar da Tsoho ya dawo, da rawaninsa da haƙorin Makka, ana ta guɗa, ya shiga ɗaki ya ga bindiga na walƙiya kamar kayan lefe.

Ba ya kiran sunan Kawu, ba ya kuma yi masa faɗa kai tsaye, saboda kunyar ɗan fari. Don haka ni ce wayar da ke tsakaninsu. Ya juyo ya ce, "Amarya, tambayi makanikin nan, bindigar ta ce masa ba ta da lafiya ne?"

Kawu na tsaye a gefena. Na ce, "Kawu, ka ji."

Ya ce, "Ki ce masa gyara na yi."

"Ki ce masa na gode. Allah ya sa motocin mutane ba haka suke shan godiya ba."

Ba a daɗe ba manoma suka aiko, birai sun addabi lambunansu na rani. Tsoho ya je. Wani ƙaton gwaggon biri na zaune a kan suri yana ɓare masara, a fili, kusa. Tsoho ya auna ya harba. Ƙasa ta tashi can hagu. Birin ya dubi wurin da ƙasar ta tashi, ya dubi Tsoho, ya ƙarasa masararsa. Ya sake harbi, wannan karon ganye ya zubo daga sama. Manoman mutanen kirki ne, ba wanda ya yi dariya sai da ya hau keke.

Kafin magariba labari ya riga shi isowa Abakpa. Maƙwabcinmu, wani direba Bazamfare, ya tare shi a ƙofar gida. "Alhaji, gwamnati ta ce kowa shi koma dama, wagga bindiga taka ta ƙiya, ta tsaya hagu. A kai ta ofis a yi mata bayani."

Kawu bai yi dariya ba. Shi ke zuwa wurin 'yan sanda sabunta lasin duk shekara, kuma lokacin ya matso, ƙarshen watan nan. Ya zo ya zauna a tsakar gida ya ce, ta bakina, ba zai sabunta ba. Idon Baba ya tafi. Yau suri ne, gobe ɗan wani ne a bayan suri. Baba da bakinsa ya ce ranar da ya kuskure a karɓe ta, to ranar ta zo, za a mayar wa hukuma kayanta. Kada wani ya ɗauka mugunta ce. Tsoro ne, kuma yana da hujja.

Tsoho ya ce, "Amarya, ke me kika gani?"

Na ce, "Tsoho, idonka ne. Jiya ka gaishe da tulun Iya, ka ɗauka baƙuwa ce a tsugune."

"Tulun ya fi ki ladabi, ya yi shiru." Sannan ya ce, "To, ke ce shaida. Ba ki iya kara ba, ba za ki rufa mini ba, ba za ki rufa masa ba. Ki gaya wa makanikin nan ya ba ni zuwa ƙarshen wata. In ni ne, da hannuna zan miƙa ta. Amma ba zan yarda a yi wa idona sharri a kan laifin wani ba."

Washegari da sassafe ya shiga madafa ya mirgino turmin Iya. Iya na sana'ar man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, turmin nan shi ne ofishinta. Ta fito da zani a ƙirji.

"Alhaji, ina za ka da turmina?"

"Kotu."

Muka loda shi a a-kori-kurar Kawu, da murfin duro da aka shafa wa farar ƙasa aka ɗiga baƙi da gawayi a tsakiya, muka nufi wani tsohon ramin ɗibar ƙasa a bayan Mando, inda bango ke tare harsashi. Tsoho ya cika turmin da yashi, ya kwantar da bindigar a bakinsa, ya ɗaure gindinta da ƙugunta da robar taya, ya daidaita ta da baƙin ɗigon, ya sa ni ma na duba. Sannan ya ɗaura zare a kunamar bindigar, ya ja da baya.

"Amarya, turmi na da ido?"

"Ba shi da."

"Hannunsa na rawa?"

"Tsoho, harba mu tafi, rana na yi."

Ya ja zare. Aka sake daidaitawa, ya sake ja, ya kuma sake. Na je da alli na zagaye ramukan. Ɗaya a hagu, ɗaya a sama, ɗaya ya tsaga gefen murfin kamar mai shirin gudu. Na dawo na faɗi abin da na gani: ko ba Tsoho, bindigar nan ba ta san inda za ta ba.

Kawu ya ce turmin ne ke motsi. Tsoho ya ce in gaya masa ya zo ya zauna a kai. Kawu ya zauna, aka sake, ramin ya fita wani wurin dabam. Ya tashi yana sosa kunne, ya ce duk da haka bai ga shaidar cewa idon na gani ba, ya ga dai shaidar cewa su biyun ba sa gani. Ga sharaɗinsa: bindigar ta dawo daidai a turmi, sannan Baba ya harba daga kafaɗa ya sami abin da ya auna.

Daga nan wahalata ta fara. Tsoho ba ya gyara abu biyu a rana ɗaya. Ya ce in ka taɓa wuri biyu ta gyaru, ba ka san wanne ne ba, in ta ƙara lalacewa ma ba ka sani ba. Don haka kowace tafiya abu guda. Ranar farko man inji: ya yi ta zura tsumma yana fitowa jiƙe, yana nuna mini kowane ɗaya don in nuna wa Kawu. Muka je rami. Ta ɗan natsu, amma ba ta daina yawo ba. Wata ranar harsashi: ya buɗe wani ƙunshin dabam, ko na farkon ya sha damshi. Tun bayan yaƙin basasa harsashi ya yi wuya, duk wanda ya fita sai Tsoho ya runtse ido kamar an cire masa haƙori. Babu bambanci. Wata ranar ɗan ƙarfen saiti na kan hanci da na baya, ya duba ko sun goce daga tsohon gurbinsu. Suna nan daram.

Na ce, "Tsoho, don Allah, tun da hagu take so, ka riƙa auna dama mana. Mu huta."

Ya ce, "Da hagun take bi kullum, da na zauna da ita haka, yadda na zauna da kakarki. Mai ƙarya iri ɗaya ana iya zama da shi. Wannan kowane harbi da sabuwar ƙaryarta."

Iya kuwa kowace safiya tana bakin madafa tana jiran turmi, gyaɗa na huce mata. Ta ce tun da aka kawo ta gidan nan ba a taɓa kai ta yawo a mota ba, ga turmi har ya san hanyar Mando.

Sai aka zo kan notunan da suka riƙe ƙarfe da itace. Tsoho ya sa sukundireba a karon farko a rayuwarsa, ya murɗa, ko gezau. Ya kira Bazamfare, shi ma sai da ya yi nishi.

"Amarya, tambayi makanikin nan, tayar tirela ya ɗauka?"

Ya sassauta su, ya riƙa ɗaure na gaba kaɗan, na baya kaɗan, har suka zauna. A rami, harbin farko ya faɗa kusa da baƙin ɗigon, har na buɗe baki zan yi guɗa. Da ƙarfen ya ɗumama sai ta koma halinta. Wata ya kusa ƙarewa, harsashi ya kusa ƙarewa. A hanyar dawowa Tsoho bai tsokane ni ba ko sau ɗaya, ya zauna a bayan mota rungume da turmi. Ranar ce na fara jin tsoron a karɓe ta. Na san in aka fita da bindigar nan da sunan ya makance, zai zauna a zaure ne kawai yana jiran mutuwa.

Da la'asar ya shimfiɗa buzu a tsakar gida, ya ce tun da an riga an karya dokar Bature, bari shi ma ya ga cikin. Ya raba ƙarfen da itacen. Ya ɗaga itacen ya karkata shi wajen haske, ya bi kwarin da ƙarfen ke kwanciya da yatsa. Cikin duk ya yi baƙi da man shekaru, sai can wajen gaba, wani ɗan wuri mai faɗin babban yatsa, fari fes.

"Amarya, zo da idonki mai kyau. Me kika gani?"

"Wani abu ya daɗe kwance a nan, an ɗauke shi."

"Tambayi makanikin nan."

Kawu ya sunkuyar da kai. Ya ce wata 'yar baƙar fata ce a naɗe. Ya ɗauka laya ce, ya ga bai dace mutum ya dawo daga Makka ya tarar da irin wannan a kayansa ba, kuma ya ji nauyin tambaya. Ya ajiye ta a tabarma, da ya waiwaya babu ita.

Iya na gefe tana tsince gyaɗa, ta ƙara sauri.

Tsoho ya ce, "Ko akwai wanda ya share tabarmar?"

Iya ta ce, "Ni ban ga komai ba."

Ni kuwa tun dawowata daga Zariya nake ganin wani baƙin abu ɗaure da jan zare a wuyan tulun man gyaɗa. Na ce, "Iya, wancan na wuyan tulu fa?"

"Ke wa ya sa da ke? Yarinya sai baki kamar rediyo."

Ashe lissafin Iya mai sauƙi ne. Shekara da shekaru mijinta bai taɓa kuskure ba, ga sirrin ya faɗo a tabarma, kuma mai shi ya tafi Makka ya tuba, ba ya bukata. Me zai sa a bar albarka ta lalace? Ta ce tun da ta ɗaura shi man gyaɗarta bai kwana ba, har daga Kurmin Mashi ake aiko yara.

Tsoho ya kwance zaren, ya warware fatar, ya shinshina. Ya ɗaga ta sama yadda kowa zai gani.

"Takalmin soja ne. Ga ramin da igiya ke bi. Wani ne ya yanka ya sa a nan don ƙarfen ya sami abin jingina, ya daina rawa a cikin itace. Ba rubutu, ba tofi. Takalmi."

Iya ta miƙa hannu ta fizge abinta. "Takalmi ko hula, ni dai na ga aikinsa."

"Ba ni, in mayar."

"Ka yanki wani. Garin nan takalmi ya ƙare ne?"

Ta ɗaure shi a bakin zani. Tsoho mutum ne da ya yi yaƙi a ƙasashen da ban iya faɗin sunansu ba, amma bai taɓa cin Iya da yaƙi ba, kuma ya sani. Ya yanki tsohon bel ɗinsa, muka je rami: ya yi kauri, harsashi ya haye sama. Ya gwada fatar akuya: ta yi laushi, ta koma yawo. Ita waccan ta shekara da shekaru a matse, ta ɗauki siffar wurin, babu mai maye ta. Na ce a bari Iya ta shiga wanka in ɗauko. Tsoho ya ce a'a, abin da aka sato ba ya zama lafiya a cikin bindiga, kuma shi ne zai ci tuwon gidan nan bayan na tafi.

Ana saura kaɗan wata ya mutu, na gan shi ya ɗauko takalman da ya yi aikin Hajji da su, waɗanda ya ajiye a ƙarƙashin gado ba ya bari ko ƙura ta taɓa. Ya sa wuƙa ya yanke maɗaurin ɗaya. Ya kai wa baduku aka naɗe aka ɗinke da jan zare. Ya dawo ya tsuguna a bakin madafa, abin da ban taɓa gani ba.

"Wancan da kike riƙe da shi, ƙafar wani soja ya sani, Allah kaɗai ya san ko yana wanka. Wannan ya taka Arfa, ya taka Mina, ya zagaya Ɗakin Allah. Ni ban ce zai sayar miki da mai ba. Na dai gaya miki inda ya je."

Iya ta karɓa, ta juya shi, ta juya. Ta dubi ƙafarsa, ta dubi takalmin da ya lalata. Ta kwance bakin zani.

"Aro na ba ka. In ciniki ya faɗi, zan zo in kwance abina da kaina."

Ya mayar da 'yar fatar a farin gurbinta, ta zauna kamar ba ta taɓa tashi ba. Ya ɗaure notunan, gaba kaɗan, baya kaɗan. Washegari har Bazamfare ya bi mu, wai ya zo ganin ko an koma dama. A turmi, ramukan suka taru a kan baƙin ɗigon, na rufe su duka da tafin hannuna. Sannan Tsoho ya kwance ta, ya sa na ɗora gwangwanin madara a kan murfin. Ya gyara tsayuwa, takalman Hajjin a ƙafarsa, ɗaya da maɗaurin fata, ɗaya da robar taya. Ya ɗaga ta kafaɗa. Ya daɗe yana auna har na fara ƙaiƙayi. Gwangwanin ya yi tsalle ya faɗa bayan murfi.

Bai yi murmushi ba. Ya ce, "Amarya, tambayi makanikin nan ko da sauran magana."

Kawu ya ce, "Ki ce masa babu." Ya juya yana duba tayar da ba abin da ya same ta. Da safe ya je ya sabunta lasin.

Damina biyu bayan haka, ina aikin buga tafireta a wani ofis, Tsoho ya aiko in zo ranar Asabar. Na tarar an riga an loda turmi. Ba wanda ya ce masa komai, ba wanda ya yi ƙorafi, shi ne ya ji wani abu a jikinsa. A turmi bindigar ta zuba harsasan wuri guda. Daga kafaɗa ya kuskure gwangwanin, ya sake, ya kuskure.

"Shaida, faɗi."

Na ce, "Tsoho, idonka ne." Wannan karon da ƙyar ta fito.

"Yanzu kin yi gaskiya."

"Ai da ma na faɗa."

"Kin faɗa da wuri. Ke komai sai kin yi gaggawa."

A mota ya miƙa wa Kawu ita da hannunsa, ba ta bakina ba. Kawu ya karɓa, muka iso gida, ya shiga ɗakin ya mayar da ita ƙusar da take rataye. Harsasan kawai ya tafi da su. Duk shekara yana sabunta lasin ba tare da an ce masa ba, Tsoho kuma yana goge ta duk Juma'a, yana lalube da yatsa, har Juma'ar da ta gabaci rasuwarsa.

Lasin ba ya gado. Bayan sadakar bakwai Kawu ya sauko da ita zai kai wa hukuma. Ya tsaya a ƙofar ɗakin da Iya ke takaba, ya zaro sukundireba daga aljihu, ya ce mini a hankali in tambaye ta ko a ciro mata 'yar fatar nan ta ajiye, tun da da ma aro ta bayar.

Iya ta waiwaya. Tulun mai na gefenta, da maɗaurin takalmin Makka a wuyansa, zaren har ya koɗe.

Ta ce, "Gaya wa makanikin nan ya mayar da abin nan aljihu. A bar mata kayanta. Ba za ta fita gidan nan ta je hannun baƙi tana ƙarya ba, a ce haka ya bar ta."

Kawu ya mayar. Ya naɗe ta a buzun Juma'a ya fita da ita.

Allah ya jiƙan Tsoho, ya yafe masa gajeriyar gaisuwarsa da doguwar rigimarsa, ya haskaka masa kabari fiye da yadda idonsa ya taɓa gani. Mu da muka saura, Allah ya sa mu cika da imani. Turmin yana nan a madafa, da ɗan kwarin da bindiga ta ci a bakinsa. Iya ta hana a sassaƙe.